Ambato da Amfani: Nazarin Ayyukan Stewart Cole a Kan Kundin Gadon Ƙwayar Tarin Fuka

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki ayyukan Farfesa Stewart Cole, masanin ƙananan halittu ɗan Birtaniya wanda ya jagoranci karanta kundin gadon ƙwayar tarin fuka a 1998 da na ƙwayar kuturta a 2001, ta ɗora su a kan ma'auni biyu. Na farko shi ne yawan ambaton da takardunsa suka samu a rubuce-rubucen masana. Na biyu shi ne abin da ya fito daga cikinsu har ya isa ɗakin gwaji da gadon majiyyaci. Maƙalar ta nuna cewa ma'aunan biyu sun dace a wasu wurare, sun kuma saɓa a wasu, kuma inda suka saɓa ya shafi yadda jami'o'inmu ke auna aikin masu bincike.

1.0 Gabatarwa

Shugaban zama, malamaina da abokan aiki, duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma a jami'a ya san yadda abin yake tafiya a 'yan shekarun nan. Kafin a buɗe takarda ko ɗaya daga cikin ɗaurin da malami ya kawo, an riga an buɗe shafinsa na Google Scholar ko na Scopus, an duba lambobi biyu: sau nawa aka ambace shi, kuma nawa ne ma'aunin h nasa. Na ga ya dace mu gwada waɗannan lambobi a kan mutumin da babu mai jayayya da girman aikinsa, mu ga abin da suke kamawa da abin da yake kuɓuce musu. Idan sikeli ya yi kuskure a kan buhun da kowa ya san nauyinsa, to akwai dalilin yin hattara da shi a kan sauran buhuna.

Kafin in shiga, ga yadda na yi amfani da wasu kalmomi. Kundin gado shi ne dukkan rubutun DNA da halitta take ɗauke da shi, wanda aka yi da haruffa huɗu: A, C, G da T. Ƙwayar gado ita ce sashe guda na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin ɗaya. Enzayim shi ne furotin da ke gudanar da wani aiki na sinadari. Sarrafa abinci kuwa shi ne dukkan hanyoyin da bakteriya take bi ta narkar da abin da ta samu, ta ciro ƙarfi, ta gina jikinta. Ambato shi ne sanya takardar wani a cikin manazartar taka.

2.0 Mutumin da Hanyarsa

An haifi Cole a 1955. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sheffield ta Ingila, kuma aikinsa na farko-farko a kan sarrafa abinci ne kai tsaye: enzayim ɗin fumarate reductase, wanda bakteriyar Escherichia coli take amfani da shi ta ci gaba da samun ƙarfi a inda babu iskar oksijin. Ya koma Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris a 1983. A 1985 yana cikin masana biyar da suka wallafa cikakken rubutun gadon ƙwayar cutar ƙanjamau a mujallar Cell. A 2007 ya tafi makarantar EPFL da ke Lausanne a Suwizalan, sannan ya dawo Pasteur a matsayin babban darakta daga 2018 zuwa ƙarshen 2023. Wannan ya isa a kan tarihinsa. Aikin ne abin dubawa.

3.0 Takardar 1998

Domin a gane abin da takardar ta kawo, sai an tuna irin wahalar da ke cikin aiki da wannan ƙwaya. Robert Koch ya bayyana ta a birnin Balin ranar 24 ga Maris, 1882, amma fiye da ƙarni guda bayan haka ta ci gaba da gagarar masu bincike saboda nawarta. E. coli tana rabuwa biyu cikin minti 20 idan ta samu abinci. Mycobacterium tuberculosis kuwa sai ta kusan kwana ɗaya. Ma'aikacin da ya shafa kakin majiyyaci a kan abincin reno na Löwenstein-Jensen, wancan mai ruwan kore-kore da ake yi da ƙwai a cikin kwalba, yakan jira mako uku zuwa takwas yana leƙawa, kafin ya ga wasu 'yan tsiro busassu sun fito kamar ɓarɓashin burodi. Kowane gwaji ɗaya na cin watanni, ga shi kuma ƙwayar tana kama mai aikin idan ya yi sakaci.

An fara karanta cikakken kundin gadon bakteriya a 1995, na Haemophilus influenzae. Na E. coli ya fito a 1997. Ranar 11 ga Yuni, 1998, mujallar Nature ta wallafa na ƙwayar tarin fuka, aikin haɗin gwiwa tsakanin Pasteur da Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij. Marubuta 42 ne, Cole a farko, Bart Barrell a ƙarshe. Nau'in da suka karanta shi ne H37Rv, wanda asalinsa daga wani majiyyaci ne a Amurka a 1905, aka yi ta renonsa a ɗakunan gwaji tun daga lokacin. Sun samu haruffa 4,411,529 da ƙwayoyin gado kusan 4,000. Kimanin kashi 40 cikin ɗari sun iya faɗin aikinsu, kashi 44 sun samu ɗan haske a kansu, kashi 16 kuwa ba su yi kama da komai da aka sani ba.

Abin da ya fi jan hankali shi ne kitse. Kundin ya nuna enzayim kusan 250 masu aiki a kan haɗa kitse ko narkar da shi, alhali E. coli, wadda kundinta ya ɗan fi girma, tana da kimanin 50 kacal. Wannan ya bayyana abubuwa biyu a lokaci guda. Na farko, bangon ƙwayar mai kauri kamar an shafe shi da kakin zuma, wanda ke hana magunguna da yawa shiga, shi ne kuma dalilin da ya sa take riƙe jan launi a gwajin Ziehl-Neelsen ko an wanke ta da asid, har mai duba madubin likita ya gan ta kamar 'yan jajayen sanduna a kan shuɗi. Na biyu, abincinta a cikin jikin mutum. Halittar da ta tanadi wuƙaƙe masu yawa haka domin yanka kitse, da wuya a ce da sukari take rayuwa.

A nan ya kamata a ba kowa haƙƙinsa. Tun a 1956 William Segal da Hubert Bloch suka nuna cewa ƙwayar da aka ciro daga huhun ɓera tana numfashi da kitse, ba ta damu da sukari ba, saɓanin wadda aka rena a kwalba. Wannan bincike ya shekara arba'in da 'yan kai ba tare da an iya gina wani abu mai yawa a kansa ba, domin babu wanda ya san enzayim ɗin da ke aikin. Kundin 1998 ya ba da jerin sunaye da adireshi, wasu kuma suka bi gida-gida. A 2000 John McKinney da abokansa suka nuna cewa idan aka cire enzayim ɗin isocitrate lyase, wanda ke ba ƙwayar damar gina jiki daga kitse, sai ta kasa daɗewa a huhun ɓera. A 2008 Amit Pandey da Christopher Sassetti suka nuna tana cin kolestarol na jikin wanda ta kama. Wato ƙwayar tana shiga cikin sojojin garkuwar jiki da aka aiko su haɗiye ta, ta zauna, ta ci daga rumbunsu.

Ko maganin bedakwilin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2012 bayan kusan shekara arba'in ba a samu sabon jinsin maganin tarin fuka ba, an gano inda yake bugun ƙwayar ne ta hanyar karanta kundin waɗanda suka bijire masa a kwatanta da na asali. Aka tarar yana toshe injin da ke samar mata da ƙarfi, wato ATP synthase. Wannan aikin Koen Andries da abokansa ne a 2005, ba na Cole ba, amma ba don akwai kundin da za a kwatanta da shi ba, da aikin ya ɗauki wata hanya mai tsawo.

4.0 Abin da Lambobi Suke Gani

Eugene Garfield ne ya kawo shawarar ƙirga ambato a 1955, kuma kundinsa na Science Citation Index ya fara fita a 1964. Manufarsa ta farko ita ce taimaka wa mai bincike ya bi sawun wani tunani daga takarda zuwa takarda. Daga baya ne aka mayar da shi sikelin auna mutane. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h: mai h na 20 yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

A wannan sikeli, takardar 1998 ta yi wa sauran takardun Cole fintinkau. An ambace ta sau dubbai, kuma tana cikin takardun da aka fi ambato a duk fagen tarin fuka. Ta cancanta. Sai dai mu tambayi kanmu me ya sa ake ambatonta. Wanda ya saba karanta takardun wannan fage ya san cewa galibi a sashen hanyoyin bincike ake samunta, a jimla guda mai cewa an jera sakamako a kan kundin H37Rv. Wannan ambato ne irin na taswira: mai rubutu yana faɗin inda ya tsaya ne, bai shiga muhawara da abin da takardar ta ce a kan kitse ko a kan iyalan furotin na PE da PPE ba, waɗanda suka cinye kusan kashi 10 cikin ɗari na kundin. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin takardu 100 da aka fi ambato a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 a kan hanyar auna yawan furotin, da ambato fiye da 300,000. Takardar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar DNA ba ta shiga jerin ba ko kaɗan. Kayan aiki sun fi tunani samun ambato, kamar yadda hanyar kasuwa ta fi hanyar makaranta sawun ƙafa.

Akwai kuma ɓangaren da lambobi suke rage wa takardar haƙƙinta. Cole da abokansa sun ba kowace ƙwayar gado lamba mai farawa da Rv. Rv0001 ita ce dnaA, Rv0667 ita ce rpoB, Rv1908c ita ce katG. Yau ɗalibi a kowace nahiya yana rubuta waɗannan lambobi kamar yadda yake rubuta ranar wata, ba tare da ya tuna wani ne ya raɗa su ba, balle ya ambace shi. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin wannan: aiki yakan shiga jinin fage har sunan mai shi ya ɓace. Don haka lambar ambaton takardar 1998 ta kumbura ta wani gefe, ta kuma rage ta wani.

Sannan ga batun mutum 42. Google Scholar yana ba kowannensu cikakken adadin, shi kuwa tarihi yana cewa “Cole da abokansa”. Masu fasahar Sanger da suka yi watanni suna cike giɓin da ya rage a rubutun suna cikin wannan “abokansa”. Merton ɗin dai ya kira wannan ɗabi'a da sunan Matiyu a 1968: mai suna shi ake ƙara wa suna.

5.0 Abin da Lambobi Ba Su Gani

Misali na farko shi ne, kafin kundin, akwai takardu biyu da nake ganin sun fi kusa da majiyyaci. An fara amfani da maganin isoniyazid a 1952, amma shekara arba'in ba a san takamaimai yadda ƙwayar take bijire masa ba. A 1992 Ying Zhang, Beate Heym, Bryan Allen, Douglas Young da Cole suka wallafa a Nature cewa sirrin yana cikin katG. Maganin yana shiga ne a kwance, enzayim ɗin da katG ke haɗawa a cikin ƙwayar da kanta ne ke tayar da shi ya zama guba. Idan ƙwayar ta rasa wannan enzayim ko ta sauya shi, sai maganin ya wuce ta kamar ruwa. A 1993 Amalio Telenti na Bern da abokansa, har da Cole, suka wallafa a Lancet cewa bijire wa maganin rifamfisin yana fitowa daga sauye-sauye a wani ɗan yanki na rpoB. Yankin haruffa 81 ne, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka bijire a nan sauyinsu yake.

Yanzu mu shiga ɗakin gwaji a kowane babban asibiti da ke da na'urar GeneXpert. Ma'aikaciya ta karɓi kwalbar kaki, ta zuba ruwan sinadari ninki biyu, ta girgiza, ta ajiye minti 15. Ta ɗebi mililita biyu ta zuba a wani ɗan akwatin roba da bai fi cikin tafin hannu ba, ta rufe, ta tura cikin na'ura. Kafin awa biyu kwamfuta ta nuna ko akwai ƙwayar, da kuma ko ta bijire wa rifamfisin. Waɗannan haruffa 81 na'urar take karantawa. Kamfanin Cepheid ne ya ƙera ta tare da wasu masana, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a Disambar 2010. A da, amsar wannan tambaya takan ci watanni, majiyyaci yana shan maganin da ba ya yi masa aiki yana kuma yaɗa cutar a gida. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma a duniya mutum miliyan 10.8 suka kamu a 2023, miliyan 1.25 suka mutu. Duk gwajin da aka yi da wannan na'ura amfani ne da binciken 1993, amma ko ɗaya ba ya shiga Scopus.

Misali na biyu kuturta ce. Mycobacterium leprae, wadda Gerhard Hansen ya gano a Norway a 1873, har yau ba a iya renonta a kwalba ba, sai a tafin ƙafar ɓera ko a jikin dabbar amadilo, kuma tana ɗaukar kusan mako biyu kafin ta rabu biyu. A 2001 Cole da abokansa suka wallafa kundinta a Nature. Haruffa miliyan 3.27 ne, ƙwayoyin gado masu aiki kimanin 1,600, sannan fiye da 1,100 matattu, rubutunsu yana nan amma ya lalace. Kundin kamar tsohon gari ne da rabinsa ya zama kufai: ana ganin tushen katanga da wurin murhu, babu mai hura wuta. Hanyoyin sarrafa abinci da dama sun rushe, shi ya sa ba ta iya rayuwa sai a jikin wani. A ganina, ta fuskar tunani, wannan takarda ba ta gaza ta 1998 ba, wataƙila ma ta fi ta ba da mamaki. Amma ambatonta bai kai ko kusa ba, kuma dalilin a fili yake: masu binciken kuturta kaɗan ne, kuɗin da ake zubawa a fagen kaɗan ne. Yawan ambato yana bin yawan marubuta, yawan marubuta kuma yana bin kuɗi. Daga wannan aiki ne aka samu damar bin sawun yaɗuwar kuturta a duniya a 2005, aka danganta ta da amadilo a kudancin Amurka a 2011, aka kuma same ta a jikin jan kurege a tsibiran Birtaniya a 2016.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. An daɗe ana koyar da cewa mutum ya ɗauki tarin fuka ne daga shanu lokacin da ya fara kiwo. A 2002 Roland Brosch da Cole da abokansu suka kwatanta sassan da suka ɓace daga kundin kowane nau'i, suka nuna cewa ƙwayar shanu, Mycobacterium bovis, ita ce ta yi asarar sassan da ta mutum take da su, don haka ba za ta zama uwarta ba. A kan reshen da ya kai ga ƙwayar shanu, tun daga ɓacewar sashen da ake kira RD9, akwai Mycobacterium africanum, wadda aka fara bayyanawa a Dakar a 1968, kuma kusan a Afirka ta Yamma kaɗai take. A wasu yankunan tana haddasa har kusan rabin tarin fukan da ake gani. Cikakken kundinta bai fito ba sai 2012, daga wani majiyyaci a Gambiya, shekara 14 bayan na H37Rv. Har yau a kan kundin ƙwayar da aka ciro a Amurka a 1905 muke jera sakamakonmu, kuma duk sashen da ke cikin tamu wanda babu shi a waccan, jerawar ba za ta nuna shi ba.

Aikin Cole na daga baya a kan magani ne. A 2009, tare da Vadim Makarov na Mosko, ya wallafa a Science wani sinadari, BTZ043, mai toshe enzayim ɗin DprE1 da ƙwayar take gina bangonta da shi. Shi da ɗan'uwansa makozinon sun shiga gwaji a kan mutane. Hukuncinsu yana hannun sakamakon gwajin, ambato ba zai yanke shi ba.

6.0 Inda Wannan Ya Shafi Kwamitocinmu

Ba ina cewa a jefar da lambobi ba. A wurin da son kai da sanayya suka taɓa yin tasiri a ƙarin girma, lamba tana da amfaninta, domin ba ta san ɗan wane ba. Amma masana da kansu sun yi gargaɗi a Sanarwar San Faransisko ta 2012 da Bayanin Leiden na 2015 cewa lamba ta taimaka wa hukuncin masu karatu ne, kada ta maye gurbinsa. Idan a wurin Cole sikelin ya ɗaga taswira sama da binciken da ya zama gwajin asibiti, ya kuma danne kuturta saboda ƙarancin masu rubutu a kanta, me zai yi wa matashiyar da ta shekara uku tana tattara samfurin Mycobacterium africanum tare da cibiyar horaswa a kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya? Masu ambatonta a duniya ba za su cika wannan zaure ba. Abokin aikinta da ya sa sunansa a takardar bita mai marubuta talatin a kan wani batu da ake yayi zai ninka ta a lamba cikin shekara biyu.

Shawarata ga kwamitocin ƙarin girma a sassan nazarin ƙananan halittu ita ce a nemi kowane malami ya zaɓi takardunsa uku, ya rubuta shafi ɗaya a kan abin da shi da kansa ya yi a cikin kowacce da abin da ta sauya, sannan a ba masana biyu na fagen su karanta takardun daga farko har ƙarshe. A kuma ƙirga kundin gado da aka ajiye a rumbun bayanai na duniya, da samfurin da aka adana, da hanyar gwaji da asibiti ya ɗauka, a matsayin aiki mai maki. Shugaban zama, da yawa daga cikin waɗanda ke wannan zaure su ne mambobin waɗannan kwamitoci. Ina roƙon ku, a zama na gaba, ku buɗe ɗaurin takardun kafin ku buɗe kwamfuta.